Hayar mota a Zanzibar: Abin da ya sa lasisin baƙo kaɗai ba ya isa

Baƙon da ya sauka a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume da niyyar ɗaukar hayar mota, abu na farko da zai tarar shi ne lasisin tuƙin ƙasarsa, ko da ya haɗa da na ƙasa da ƙasa, ba zai ba shi damar hawa titi ba. Sai ya mallaki takardar izinin tuƙi ta wucin gadi wadda hukumomin Zanzibar ke bayarwa. Galibi kamfanin hayar ne ke karɓo masa ita, bayan ya ga lasisinsa na asali, a kan kimanin dala 10.

Tushen dokar

Wannan 'yar takarda tana da alaƙa da tarihin siyasar yankin. Bayan juyin juya halin 12 ga Janairun 1964 da ya kawar da sarautar Sultan, Zanzibar ta haɗe da Tanganyika ranar 26 ga Afrilun shekarar, aka samar da Tanzaniya. Sai dai tsibiran sun riƙe ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai, da shugaban ƙasarsu da majalisar wakilansu. Tsaro da harkokin waje da 'yan sanda suna hannun gwamnatin haɗaka, amma sufurin kan titi na Zanzibar ne. Saboda haka ɗan sandan da ke tsayar da mota ma'aikacin haɗaka ne, dokar da yake aiwatarwa kuwa ta tsibirin ce.

Irin wannan iko ne gwamnatin Shugaba Hussein Ali Mwinyi ta yi amfani da shi wajen tilasta wa baƙi sayen inshorar tafiya ta dala 44 daga 1 ga Oktoban 2024. Wannan daban take da inshorar mota, wadda ya kamata mai haya ya karanta sharuɗɗanta tun kafin ya sa hannu, musamman adadin da zai biya daga aljihunsa idan aka yi haɗari.

Tuƙi ta hannun hagu

A Zanzibar ana bin hannun hagu ne, gadon mulkin Turawan Ingila. Nijeriya ta bar wannan tsari tun 1972, Ghana kuma a 1974, don haka direban da ya saba da titunan Kano ko Yamai sai ya sake koyon hannu. Yawancin motocin haya na hannu ne daga Japan, irin su Suzuki Escudo da Toyota RAV4, masu sitiyari a dama. An fi yin kuskure a shataletale da kuma lokacin shiga babban titi, inda sabo ke sa mutum ya duba ɓangaren da ba shi ba.

Yanayin hanyoyi

Unguja, babban tsibirin, tsawonsa kusan kilomita 85 ne. Daga birnin Zanzibar zuwa Nungwi a arewa tafiyar kimanin kilomita 60 ce a kan kwalta, amma hanyoyin da ke gangarawa bakin teku da yawa na burji ne ko yashi, kuma sukan lalace a daminar Maris zuwa Mayu. A dajin Jozani, kan hanyar Paje, an yi tudun rage gudu domin kare jajayen birai da ke tsallaka titi. Tsohon gari na Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, lungunansa ba sa cin mota. A waje ake ajiye ta a shiga da ƙafa.

Da dare hanyoyin karkara ba su da fitilu, ga masu kekuna da dabbobi da motocin fasinja da ake kira dala-dala, masu tsayawa ba zato ba tsammani.

A shingen bincike

Shingayen 'yan sanda suna da yawa a manyan hanyoyi. Abin da ake tambaya shi ne lasisi na asali, izinin Zanzibar, da shaidar inshorar mota. Wanda aka ci tararsa yana da haƙƙin neman rasit. Direban da takardunsa ba su cika ba kuwa, shi ya ba da ƙofar a tatse shi, kuma idan haɗari ya auku, kamfanin inshora na iya ƙin biyan diyya.