Jijiyoyin jini na cikin damtse: ina suke, kuma me kumburin hannu ɗaya ke nufi?

Tambaya: Waɗanne jijiyoyi ne ke mayar da jini daga damtse zuwa zuciya, kuma yaushe ne kumburin hannu yake zama abin tsoro?

Amsa: Ka sani, ya ɗan'uwa, jijiyoyin da ke mayar da jini daga hannu iri biyu ne. Akwai na saman fata, irin waɗanda ake ɗibar jini daga cikinsu a lanƙwasar gwiwar hannu. Akwai kuma na can ciki, ƙarƙashin tsoka, waɗanda ido ba ya gani.

Na cikin damtse guda biyu ne, likitoci na kiransu birakiyal. Suna farawa daga gwiwar hannu, su hau sama suna rakiyar babbar jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, ɗaya a kowane gefe. Kusa da hammata sai su haɗu da jijiyar basilik su zama guda ɗaya, wadda ke bi ta saman haƙarƙarin farko ta shiga ƙirji. A cikinsu akwai 'yan ƙofofi masu hana jini komawa baya.

Haɗarin shi ne jini ya daskare a ciki. Yakan faru ga wanda aka sa wa doguwar robar ƙarin ruwa a babbar jijiya, ko mai ciwon daji. Yakan kuma sami matashi lafiyayye mai yawan ɗaga hannu da ƙarfi, kamar masunci mai tuƙa kwalekwale da jefa taru a kogin Argungu, ko mai ɗaukar buhunan shinkafa a fadama. Likitan Ingila James Paget ya bayyana wannan nau'in a 1875.

Alamominsa: hannu ɗaya ya kumbura, ya yi nauyi da ciwo, launinsa ya sauya, jijiyoyi su fito raɗau a kafaɗa. Idan gudan jinin ya ɓalle, zai iya toshe jijiyar huhu, abin da ke iya kisa.

Don haka idan ka ga haka, kada ka murza hannun, kada ka kai wa wanzami ya yi ƙaho ko tsaga. Ka garzaya Babban Asibitin Argungu ko Asibitin Tunawa da Sa Yahaya a Birnin Kebbi. Da na'urar hoto ake gano gudan jinin, sannan a ba da maganin hana daskarewar jini, galibi na wata 3 ko fiye. In numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji na ciwo, kada ka jira wayewar gari.

Allah ne Mafi sani.