Labarin Zuciya a Tambayi Fuska: Tarihin Gano Tasirin Damuwar Mai Jego a kan Jariri

Gabatarwa

A shekarar 1975, wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Amurka mai suna Edward Tronick ya gabatar wa takwarorinsa wani gwaji mai sauƙi. Akan zaunar da uwa a gaban jaririnta ɗan watanni kaɗan, ta yi masa wasa yadda ta saba. Daga nan sai a ce ta tsayar da fuskarta cak, ba murmushi ba magana, na tsawon minti biyu ko uku. Jaririn kan fara da murmushi, ya yi gwaranci, ya miƙa hannu. Idan duk bai samu amsa ba sai ya kau da kai, jikinsa ya yi sanyi, wani ma ya fashe da kuka. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, ashe tun a zanin goyo ɗan'adam ke yin wannan tambayar.

Idan minti uku na iya rikita jariri haka, ina ga wanda ya yi watanni yana duban fuskar uwar da ciwon damuwa ya danne? Tambaya ce da take a fili, amma likitanci ya daɗe bai yi ta ba. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka kai ga yin ta, da amsar da aka samu.

Zamanin da ba a ganin komai sai hauka

Tun a rubuce-rubucen da ake jingina wa Hippocrates, likitan Girka na dauri, akwai labarin matan da hankalinsu ya gushe bayan haihuwa. Amma bincike mai tsari bai kankama ba sai a ƙarni na 19 a Faransa. A 1838, Jean-Étienne Esquirol ya bayyana yanayin mata 92 da aka kwantar a asibitin Salpêtrière da ke Paris saboda taɓin hankalin da ya biyo bayan haihuwa. A 1858, Louis-Victor Marcé ya wallafa littafi sukutum a kan larurar ƙwaƙwalwa ta masu ciki da masu jego da masu shayarwa, inda ya nazarci mata 310.

Sai dai waɗannan likitoci sun ga waɗanda aka kawo musu ne kawai, wato matan da ciwonsu ya gagari dangi. A yau an san cewa irin wannan taɓin hankali yakan sami mace 1 ko 2 ne cikin 1,000. Wadda ke gida tana kuka a ɓoye, ba ta barci, ba ta jin daɗin komai, amma tana girki tana wanki, ba ta shiga lissafi ba. Shi kuwa jariri ba a tunawa da shi sai idan ana tsoron uwar ta cutar da shi. Ko dokokin da Ingila ta kafa a 1922 da 1938, waɗanda suka sassauta hukuncin uwar da ta kashe jaririnta cikin gushewar hankali, a kan wannan tsoro aka gina su.

Adabi ya riga asibiti jin muryar irin wannan mace. A 1892, marubuciyar Amurka Charlotte Perkins Gilman, wadda ita kanta ta faɗa cikin damuwa bayan ta haifi 'yarta a 1885, ta buga wani gajeren labari a kan mai jegon da mijinta likita ya killace a ɗaki, ya hana ta rubutu, aka miƙa renon jaririn ga wata, duk da sunan magani. Wannan shi ne tunanin zamanin: a raba uwa da ɗanta, a yi jinyar kowa daban.

Jariri ba tare da uwa ba

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya bar ɗimbin marayu, shi ya karkato da hankalin masana zuwa ga yaro. A 1945, René Spitz ya nuna cewa jariran gidajen reno, duk da abinci da tsaftar da suke samu, sukan rame, su makara wajen zama da tafiya da magana, idan babu mai ɗaukar su ya yi musu wasa. A 1951, John Bowlby na Birtaniya ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoton da ya jaddada cewa yaro na bukatar shaƙuwa mai ɗorewa da uwa ko wadda ta tsaya a matsayinta.

Wannan fahimta ta yi amfani, amma ta zo da nakasu biyu. Na farko, ta tsaya ne a kan uwar da ba ta nan. Ba a yi batun uwar da gangar jikinta ke kusa alhali zuciyarta ta yi nisa ba. Na biyu, ta buɗe ƙofar ɗora wa iyaye mata laifin duk wata matsalar yaro, zargin da har yau yake sa mata da yawa su ɓoye halin da suke ciki.

Haɗuwar hanyoyin biyu

A 1968, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Brice Pitt ya bibiyi mata 305 da suka haihu a wani babban asibiti na Landan, ya tarar kusan kashi 11 cikin 100 sun kamu da damuwa a makonnin farko na jego. Daga nan aka fara bambanta abubuwa uku: saurin kuka da ƙuncin da kan zo kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa ya wuce da kansa, da taɓin hankali mai tsanani, da kuma ciwon damuwa da ke tsakaninsu, wanda kan ɗauki watanni. A 1980 aka kafa ƙungiyar masana ta duniya mai ɗauke da sunan Marcé. A 1987 kuma John Cox da Jeni Holden da Ruth Sagovsky suka fitar da ma'aunin Edinburgh, tambayoyi 10 da mai jego za ta amsa cikin 'yan mintuna. Da samuwar ma'auni, ciwon da ke ɓoye ya zama abin ƙirgawa.

A daidai wannan lokaci masu nazarin jarirai suka shigo. A 1983, Jeffrey Cohn da Tronick suka nemi iyaye mata masu lafiya su kwaikwayi halin mai damuwa a gaban jariransu 'yan wata uku. Jariran suka shiga ƙunci, kuma ko bayan iyayen sun saki fuska, ba su dawo daidai nan take ba. Sai Lynne Murray ta ɗauki doguwar hanya a Cambridge, inda ta bibiyi iyaye mata kimanin 100 da 'ya'yansu tun daga jego har zuwa balaga. A wata 18, ta tarar 'ya'yan matan da suka yi damuwa sun fi yawan raunin shaƙuwa da iyayensu. Zuwa shekara 16, kashi 41.5 cikin 100 na waɗannan yara su ma sun taɓa kamuwa da damuwa, alhali a sauran yaran kashi 12.5 ne.

Yadda abin ke faruwa ba boyayye ba ne. Jariri na koyon harshe da natsuwa ne ta hanyar musayar kallo da sauti: ya yi motsi a amsa masa, ya yi kuka a rarrashe shi. Damuwa na rage wannan musaya. Wata uwar ta yi shiru ta janye, wata kuma ta riƙa gaggawa da tsawa. Duk da haka, ya kamata a lura da ɗaya gefen alƙaluman Murray: fiye da rabin yaran ba su kamu ba. Haɗarin ya fi tsanani ne idan ciwon ya daɗe, talauci ya haɗu da shi, kuma babu uba ko kaka ko wani babba da zai cike gurbin.

Ciwon Turawa ne?

A 1983, masana al'adu biyu, Gwen Stern da Laurence Kruckman, suka kawo ra'ayin cewa wannan ciwo ya fi zama na ƙasashen Yamma, domin sauran al'ummomi na da al'adun da ke kare mai jego: hutu, da keɓewa, da hidimar dangi. Duk wanda ya san kwana arba'in na jego a ƙasar Hausa, da tafiya gida wanka, da tsohuwar da ke zuwa zaman dabaro, zai ga ƙanshin gaskiya a zancen. Amma bincike bai goyi bayansa gaba ɗaya ba. Cox ɗin nan, kafin ya koma Edinburgh, ya yi aiki a Yuganda a shekarun 1970, ya kuma sami kusan kashi 10 cikin 100 na masu jegon karkara da damuwa. A 1999, Peter Cooper da abokan aikinsa suka sami kusan kashi 35 a Khayelitsha, wata unguwar talakawa da ke gefen Cape Town. A 2002, Vikram Patel ya sami kashi 23 a Goa ta Indiya, inda talauci da dukan miji da takaicin haihuwar 'ya mace suka kasance cikin manyan dalilai. Al'ada na kare wadda aka yi wa ita da tausayi, amma ba ta maganin yunwa ko zaluncin miji.

A waɗannan ƙasashe ne aka gano cewa illar ba ta tsaya a halayyar yaro ba, har jikinsa takan taɓa. A 2004, Atif Rahman ya nuna cewa a karkarar Rawalpindi ta Pakistan, jariran matan da suka yi damuwa tun suna da ciki sun ninka sauran sau huɗu wajen haɗarin rashin nauyi a wata shida, sun kuma fi yawan gudawa. A 2008, Abiodun Adewuya da abokan aikinsa suka sami makamancin wannan koma-bayan girma a kudu maso yammacin Najeriya. Dalilin kuwa shi ne, a inda babu tsaftataccen ruwa kuma asibiti na da nisa, rayuwar jariri ta dogara ne kacokan a kan kuzarin uwa: ta shayar a kan kari, ta tafasa ruwa, ta lura da zazzaɓi, ta kai shi rigakafi. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mai jego 1 cikin 5 na fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa.

Daga ganowa zuwa magani

Rahman bai tsaya a ƙirga ba. Ya horar da ma'aikatan lafiya mata na ƙauyuka, waɗanda ba likitoci ba, su riƙa ziyartar masu ciki da masu jego suna sauraron su, suna taimaka musu su sauya munanan tunani, tare da jawo dangi cikin hidimar. Sakamakon da aka buga a 2008, daga mata 903, ya nuna cewa bayan wata shida kashi 23 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka ziyarta ta wannan hanya ke da sauran damuwa, alhali a ɗaya rukunin kashi 53 ne. Yaran sun rage gudawa, sun fi samun rigakafi, iyaye maza da mata sun ƙara yi musu wasa. Amma nauyinsu da tsayinsu ba su bambanta da na sauran ba. Warkar da zuciyar uwa ba ya cika tukunya. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rungumi wannan tsari ta wallafa shi domin sauran ƙasashe.

Kammalawa

Shekara 150 cif ke tsakanin littafin Marcé na 1858 da sakamakon Rawalpindi na 2008. A tsawon wannan lokaci an fara da kallon uwa ba jariri, aka koma kallon jariri ba uwa, kafin a gane cewa lafiyarsu a haɗe take. Babban darasin tarihin nan shi ne, uwar da damuwa ta kama majinyaciya ce, ba mai laifi ba, kuma duk abin da ya sa ta ɓoye ciwonta yana cutar da mutum biyu. Ranar suna kowa yakan karɓi jariri ya duba fuskarsa ya sa albarka. Abin da masu bincike suka koya a makare shi ne a ɗaga kai a dubi fuskar mai jegon ita ma, a tambaye ta yadda take kwana, sannan a tsaya a ji amsar.