BABI NA UKU: TAFKUNAN BAGAUDA DA TIGA A MATSAYIN WURAREN SHAƘATAWA NA MUTANEN BIRNIN KANO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yanayin ƙasar Kano da kogunan da suka ratsa ta. Shi kuwa wannan babi zai dubi yadda wasu daga cikin madatsun ruwan da aka gina a kudancin birnin Kano suka zama wuraren shan iska da yada zango, da yadda wannan harka ta bunƙasa, da kuma dalilan da suka sa ta ja baya. An fi mayar da hankali a kan tafkin Bagauda da na Tiga, sannan aka taɓo dajin Falgore saboda maƙwabtakarsa da Tiga. Abin da babin yake son ya tabbatar shi ne, shaƙatawa a waɗannan wurare aba ce da gwamnati ta dasa daga sama, ta kuma rayu da kuɗin gwamnati. Da kuɗin suka ja baya sai ta bushe, alhali noma da su, waɗanda talakawa suka riƙa da hannunsu, suka ci gaba.

3.1 Wuraren Hutu Kafin Zuwan Madatsun Ruwa

Fita bayan gari domin hutawa ba baƙon abu ba ne a Kano. Tun kafin zuwan Turawa a shekarar 1903 sarakunan Kano suna da gidaje a wajen ganuwa inda suke zuwa su huta, su duba gandayensu. Daga cikin gidajen sarki na bayan gari akwai na Fanisau da na Ɗorayi, kuma hawan Fanisau da hawan Ɗorayi da ake yi a lokutan salla suna tuna wa jama'a wannan al'ada. Su kuwa talakawa, hutunsu yana tattare da sana'a ko biki. Samari suna fita farauta da rani, masunta da mutanen ƙauye suna taruwa domin su idan ruwa ya janye, yara kuma suna wanka da koyon iyo a kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini. A nan za a lura cewa Bahaushe bai saba zuwa bakin ruwa domin ya zauna ya kalli ruwan kawai ba. Yana zuwa ne da dalili.

Turawan mulkin mallaka sun zo da wani salon hutu na daban. Sun giggina barikoki a manyan garuruwa domin saukar jami'ansu masu rangadi, sun kafa kulob da filin sukuwa da na folo a unguwarsu ta Nasarawa, sun kuma keɓe dazuzzuka da sunan gandun daji. Ɗaya daga cikinsu shi ne gandun dajin Kogin Kano wanda aka keɓe a shekarun 1940, aka kuma mayar da shi gandun namun daji a shekarun 1960, wato wanda aka sani da dajin Falgore. Muhimmin abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne ma'anar da kalmar "bariki" ta ɗauka a bakin Hausawa. Daga masaukin Bature, kalmar ta koma tana nufin wurin da aka yar da tarbiyyar gida, har ake cewa ɗan bariki ko zaman bariki. Wannan kallo ya bi otal-otal ɗin da aka gina daga baya.

3.2 Audu Baƙo da Gina Madatsun Ruwa

An ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayu, 1967, aka kuma naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo ya zama gwamnanta na farko. Ya riƙe wannan muƙami har zuwa watan Yuli na 1975. Babbar matsalar da ya tarar ita ce ta ruwa. Jihar tana da yawan jama'a, damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, koguna kuma suna cika su yi ambaliya da damina, sannan su ƙafe su zama rairayi da rani. Saboda haka gwamnatinsa ta ɗauki manufar tare ruwan damina domin a yi amfani da shi da rani.

Madatsar Bagauda ita ce zakaran gwajin dafi. An fara ginin ta a shekarar 1969 domin ta shayar da gonakin gwaji na noman rani da ke Kadawa, aka kuma sa mata sunan Bagauda, sarkin Kano na farko a jerin sarakunan Haɓe. Nasarar da aka gani a Kadawa ta ƙarfafa gwiwar gwamnati ta shiga babban aiki, wato madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974. Tsawon bangonta ya kai kimanin kilomita 6, tafkin da ta haifar kuma yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 178, yana iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita miliyan 2,000. Ana cikin wannan aiki ne aka yi babban farin nan na 1972 zuwa 1974 wanda ya halaka dabbobi da amfanin gona a ƙasashen Sahel, abin da ya ƙara nuna wa jama'a amfanin aikin.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa ba domin shaƙatawa aka gina waɗannan madatsu ba. An gina su ne domin noman rani da ruwan sha. Sai dai gwamnan mutum ne mai sha'awar dabbobi da itatuwa da ƙawata gari, kamar yadda gidan zu na Kano, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970 kuma yake ɗauke da sunansa, ya shaida. Don haka da ruwa ya taru, sai gwamnati ta ga dama ta samu ta jawo baƙi masu yawon buɗe ido. Aka gina Otal ɗin Tafkin Bagauda a bakin ruwa, aka kuma gina otal ɗin Rock Castle a kan dutse a Tiga, inda mai zaune yake hangen tafkin daga sama.

3.3 Lokacin Bunƙasa

Shekarun da suka biyo bayan 1973 su ne lokacin da waɗannan wurare suka yi tashe. Dalili na farko shi ne kuɗin man fetur da suka malalo wa Nijeriya bayan tashin farashinsa a kasuwar duniya. Na biyu, ƙarin albashin Udoji na 1974 ya sa ma'aikata da yawa sun sayi motoci da babura, tafiyar kilomita 60 zuwa 70 daga birni ta zama abin da za a yi da safe a dawo da yamma. Na uku, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa sun tara baƙi 'yan ƙasashen waje, Turawa da Kwarori da Indiyawa, waɗanda suka saba da fita bakin ruwa a ranakun Asabar da Lahadi.

Ana iya kasa masu zuwa waɗannan wurare gida uku. Kashi na farko su ne baƙin da aka ambata, masu zuwa domin shiga kwale-kwale da kamun kifi da ƙugiya da kwana a tanti, wasunsu kuma su zarce dajin Falgore, mai nisan kimanin kilomita 150 daga Kano a kan hanyar Jos, domin kallon namun daji. Kashi na biyu su ne manyan ma'aikatan gwamnati da malaman jami'a waɗanda tarurruka suke kawowa. Otal ɗin Bagauda ya yi suna ƙwarai a wannan fanni saboda nisansa da hayaniyar gari. Kashi na uku su ne ɗalibai da 'yan sikawut waɗanda makarantunsu suke kaiwa yawon ganin ido, su ga madatsa da magudanan ruwa da gonakin alkama da tumatir na Kadawa da Kura.

Idan aka dubi waɗannan rukunoni da kyau za a ga cewa babu magidancin cikin birni da iyalinsa a ciki. Kuɗin ɗaki ya fi ƙarfinsa, ba shi da mota, sannan sayar da giya da cuɗanyar maza da mata sun sa yana ganin wurin a matsayin bariki, ba inda mai mutunci zai kai matansa ba. Haka kuma babu mutanen ƙauyukan da ruwan Tiga ya ci gidajensu da gonakinsu aka sake musu matsuguni. Waɗannan in sun shiga otal, sun shiga ne a matsayin masu gadi ko leburori ko masu kawo kifi. Ke nan mafi yawan kuɗin da otal-otal ɗin suke samu daga aljihun gwamnati suke fitowa, ko dai kai tsaye ko kuma ta hanyar tarurrukan da ma'aikatu suke biya.

3.4 Dalilan Ja da Baya

Dalili na farko shi ne na tattalin arziki. Faɗuwar farashin mai a farkon shekarun 1980 ta sa gwamnatin Shehu Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu a 1982. Daga nan sai shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira. Ma'aikacin da yake iya kai iyalinsa hutu ya koma neman abin da za a ci, masana'antu suka rage aiki, baƙi da yawa suka koma ƙasashensu, ma'aikatu kuma suka rage tarurruka. Otal ɗin da yake nesa da gari yana buƙatar janareta da famfo da gyaran hanya a kullum, kuma duk kayan gyaran daga waje ake sayo su.

Dalili na biyu shi ne rarrabuwar iko. A shekarar 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, madatsar Tiga ta koma ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Aikin wannan hukuma shi ne sakin ruwa ga manoma da garuruwan da ke ƙasan kogi. Otal da harkar baƙi kuwa suna hannun jiha. Ruwa na wani, ɗaki na wani, don haka babu hukuma guda da za a kama da alhakin raya wurin a matsayin wurin hutu.

Dalili na uku shi ne ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988 bayan ruwan sama mai yawa da aka yi. Ambaliyar wannan shekara ta jawo asarar rayuka da gidaje da gonaki a Jihar Kano. Ko da yake an sake gina madatsar, sunan wurin ya riga ya haɗu da bala'i a zukatan mutane, otal ɗin kuma bai koma matsayinsa na da ba. Daga baya aka miƙa gine-ginensa ga Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, suka zama reshenta na Kano.

Dalili na huɗu ya shafi lafiya da tsaro. Ruwan da yake kwance da magudanan noman rani suna raya dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya, wanda hakan ya sa iyo a irin waɗannan wurare yake da haɗari. Ta fuskar tsaro kuwa, a shekarun 2010 dajin Falgore ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har ta kai ga an mayar da wani sashe nasa filin atisayen sojoji. Babu mai kafa tanti ya kwana a dajin da matafiya suke tsoron ratsawa da rana.

3.5 Abin da Ya Wanzu

Duk da wannan koma baya, kuskure ne a ce tafkunan sun mutu. Abin da aka gina su dominsa yana nan. Ruwan Tiga shi ne ya mayar da Kura da Bunkure da Garun Malam cibiyoyin noman shinkafa da tumatir da albasa, ya kuma samar wa masunta sana'a ta shekara gaba ɗaya. Madatsar Challawa da aka kammala a 1992 a yankin Ƙaraye ta ƙara yawan ruwan da jihar take tarewa. Sai dai wannan amfani yana da nasa farashi, domin raguwar ambaliyar shekara-shekara ta cutar da manoma da masunta da makiyaya na fadamun Haɗeja da Nguru, inda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa.

Ta ɓangaren yada zango kuwa, abin lura shi ne irin zangon da ya ɗore shi ne wanda yake da wata hukuma tsayayya a bayansa. Misali shi ne sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano da aka kafa a gefen madatsar Kusalla a Ƙaraye. Haka ma Bagauda, ɗalibai ne suka maye gurbin masu hutu. Wannan ya ƙara tabbatar da cewa gine-ginen bakin ruwa a ƙasar Kano sun fi rayuwa idan suna da aikin yi na yau da kullum.

3.6 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa Kano tana da al'adun hutu nata tun kafin zuwan Turawa, kuma madatsun Bagauda da Tiga an gina su ne domin noma, shaƙatawa ta biyo baya. An ga yadda kuɗin mai suka raya otal-otal ɗin bakin ruwa, da yadda karyewar tattalin arziki da rarrabuwar iko da ambaliyar 1988 da matsalar tsaro suka durƙusar da su. A ra'ayin mai wannan bincike, tushen matsalar ya girmi duk waɗannan. An kwaikwayo salon hutun baƙi ba tare da an tambayi yadda mutumin Kano yake hutawa ba, kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Duk wani yunƙuri na farfaɗo da waɗannan wurare zai buƙaci a yi la'akari da aljihun talaka da mutuncin iyalinsa, a kuma ba mazauna bakin tafkin rabo a cikin abin da za a samu. Babi na gaba zai dubi rayuwar al'ummomin da ruwan Tiga ya tasa daga matsugunansu.