Tarihin Hane-hanen Tsira Allura a Likitancin Gargajiyar Sin

Tsira allura hanyar jinya ce ta Sinawa, inda likita ke kafa siraran allurai a zaɓaɓɓun gurabe na jiki. Tun farkon sana'ar, malamanta sun shimfiɗa dokoki a kan wurin da ba a sokawa, da mutumin da ba a taɓawa, da ranar da ake dakatawa.

Asali

Tushen dokokin shi ne littafin Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa a zamanin daular Han, fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Babi na 52 na sashensa mai suna Suwen ya ƙidaya sakamakon kuskure dalla-dalla: wanda aka soka a zuciya kwana ɗaya zai yi ya cika, a huhu kwana uku, a hanta biyar, a ƙoda shida, a saifa goma. Alluran wancan zamani masu kauri ne, kuma ba a san kashe ƙwayoyin cuta ba, saboda haka ganganci kaɗan sai a kai mutum kushewa.

Littafin ya kuma hana soka mashayin da ya bugu, da wanda ya fusata, da mai tsananin gajiya ko yunwa ko ƙishirwa, da wanda ya cika ciki yanzun nan. Wanda ya iso da ƙafa, sai ya zauna numfashinsa ya daidaita tukuna.

Gurabe da ranaku

A ƙarni na 3, Huangfu Mi ya tsara gurabe 349, ya ware waɗanda allura ba ta shiga, kamar cibiya da kan nono. A 1027 Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla guda biyu don ɗalibai su laƙanci gurabe. A 1601 Yang Jizhou ya kawo waƙar da ta jera gurabe 22 da aka haramta, don saukin hadda. Mai juna biyu kuwa ba a soka mata Hegu, tsakanin babban yatsa da manuniya, ko Sanyinjiao, sama da idon sawu, don gudun ɓari.

Akwai kuma hanin kwanakin wata. An yi imani cewa kurwar mutum tana kewaya gaɓoɓi, kowace rana da masaukinta, kuma ba a soka inda ta sauka. Bahaushen da ya san yadda wanzami ke zaɓar ranar ƙaho ba zai ji wannan baƙo ba.

Zamanin yau

A 1822 Sarki Daoguang ya soke sashen allura a makarantar likitocin fada, amma sana'ar ta farfaɗo bayan 1949. Lissafin ranaku ya ja baya, kuma siririyar allurar da ake amfani da ita sau ɗaya ta buɗe gurabe da yawa. Amma kiyaye huhu, da manyan jijiyoyin jini, da maɗigar jariri, da cikin mai juna biyu, yana nan daram.

Jinyar ta iso Cadi ta hannun tawagogin likitocin Sin da ke aiki a Asibitin Abotar Cadi da Sin a N'Djamena. Mai neman ta ya gaya wa likita in akwai ciki, ko yana shan maganin tsinka jini, kuma kada ya miƙa jikinsa ga wanda bai yi karatun sana'ar ba.