Kalandar oga da wahalar ƙaramin ma'aikaci

Mu da muka shiga sana'ar girka wa ofisoshi na'urori da manhajojin aiki tare, akwai ranar da ake yawan ambata mana tun muna koyo: 9 ga Disamba, 1968. A ranar ne Douglas Engelbart ya hau dandamali a birnin San Faransisko na Amurka, ya shafe kusan awa ɗaya da rabi yana nuna wa jama'a linzamin kwamfuta, da rubutun da ake gyarawa a kan allo, da fuskar abokin aikinsa da ke can Menlo Park, su biyu suna aiki a kan takarda guda. Abin da ake yi yau da Zoom da Google Docs, tun ran nan aka ɗanɗana wa duniya shi.

A shekarar dai wani masanin kwamfuta, Melvin Conway, ya buga gajeruwar maƙala a mujallar Datamation. Ba ta yi tashe irin na Engelbart ba, amma a ganina ita ta fi taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ya ba da labarin wani kamfani da ya raba mutum 8 gida biyu don su rubuta manhajojin da ke juya umarnin ɗan'adam zuwa abin da na'ura ke ganewa. An ba mutum 5 aikin harshen kwamfuta na COBOL, 3 kuma aikin na ALGOL. Da aka gama, ta farko ta fito da matakai 5, ta biyu da matakai 3. Wato yadda aka raba mutane, haka abin da suka ƙera ya rabu. Har gobe duk wanda ya buɗe manhajar wata ma'aikata zai iya gane sashen da ba ya ga maciji da wani sashen.

Sai a 1984 fagen ya tsaya da ƙafarsa, lokacin da Irene Greif da Paul Cashman suka tara masana don tattauna aikin haɗin gwiwa da taimakon kwamfuta. Kamfanoni suka yi caa a kai. Manhajoji suka fito, aka saya da tsada, aka ajiye suna shan ƙura.

Jonathan Grudin ne ya bi sawun wannan asara a 1988, kuma misalinsa na kalandar ofis ya ishi mai hankali. An ƙera kalandar ne don idan oga zai kira taro, na'ura ta duba lokacin da kowa ba shi da uzuri ta tsayar da sa'a. Sharaɗin shi ne kowa ya riƙa shigar da duk abin da zai yi. Oga yana da sakatare mai yi masa wannan, kuma shi ne mai kiran taro. Ƙaramin ma'aikaci shi zai zauna ya cike da hannunsa, ribar da zai samu kuwa ita ce a riƙa cusa masa taro cikin sauƙi. Sai ya ƙi cikewa, na'ura ta ga kowa a sake yake, lokacin da ta tsayar ya zama shirme. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya sa hannu aka sayi manhajar kuwa shi ne ogan, shi ya sa ba ya ganin matsalar.

Na ga irin wannan a wani ofis a nan gida, inda aka kawo tsarin fayil na kwamfuta. Magatakarda zai karɓi wasiƙa, ya buga mata hatimi, ya rubuta ta a rajista kamar yadda ya gada, sannan ya ɗauki hotonta ya shigar a na'ura. Idan ta isa wurin darakta, sai ya ce a bugo masa a takarda, don shi da biro yake sa hannu. Masinja ya dawo da ita, magatakarda ya sake ɗaukar hoto. Aikinsa ya ninka, albashinsa na nan yadda yake. Ba a daɗe ba aka koma ɗaure fayil da zare, aka ce laifin rashin wuta ne.

Manhajar aiki tare ta Lotus Notes, wadda ta fito a 1989, ita ce sarauniyar zamaninta, har IBM ya sayi kamfanin Lotus a 1995 kan dala biliyan 3.5. Wata mai bincike ta jami'ar MIT mai suna Wanda Orlikowski ta shiga wani babban kamfanin ba da shawara da ya girka ta, ta wallafa abin da ta gani a 1992. An sayo manhajar don ma'aikata su riƙa zuba iliminsu kowa ya amfana. Amma a kamfanin, ko dai ka yi gaba ko a sallame ka, kuma ana auna mutum da sa'o'in da ya caji abokin ciniki. Sa'ar da ka ɓata kana rubuta wa wasu dabararka, babu mai biyanta, ga shi ka miƙa wa abokin takararka makami. Masu kula da na'urorin kamfanin, da ba sa cikin wannan tsere, su kam sun yi amfani da ita sosai. Manhaja ɗaya ce, kamfani ɗaya.

Aikin da na fi so a duk tarihin nan shi ne na Christian Heath da Paul Luff, waɗanda suka zauna a ɗakin kula da jiragen ƙarƙashin ƙasa na layin Bakerloo a Landan. Sun lura cewa mai ba direbobi umarni yakan ɗaga murya da gangan idan yana waya, ko ya yi kamar yana magana da kansa, don na kusa da shi mai sanar da fasinjoji ya tsinci zancen ya fara sanarwa ba tare da an ce masa komai ba. Babu takardar aikin da ta rubuta wannan. Da injiniya zai raba su ɗaki biyu ya haɗa su da allo, da ya yanke jijiyar aikin bai sani ba.

A ofisoshinmu, abin da manyan manhajoji suka kasa, WhatsApp ya yi shi ba tare da kwangila ko bita ba. Ba ya neman kowa ya cike fom, wanda bai iya rubutu da sauri ba ya tura saƙon murya. Sai dai tsarin ofis ya biyo mutane har cikin wayar. A zauren da oga yake ciki, ba ka ganin komai sai "an gode, ranka ya daɗe" da alamar babban yatsa. Akwai zaure na biyu da aka buɗe ban da shi, a can ake faɗin wanda ya riƙe takarda da dalilin da ya sa aiki ya tsaya. Kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke ƙarƙashin rajista. Ranar da aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, takardu da shawarwarin shekaru sukan bi shi a aljihu, wanda ya gaje shi ya tarar da kabad babu komai, sai ya nemi lambarsa ya riƙa kira yana roƙon a turo masa.