Mutanen da suka haramta wa kansu makami: Mennonite da Amish a lokutan yaƙi

Tarihinmu na wannan makon ya kai mu Turai da Amurka, wurin wasu ɗarikun Kirista biyu, Mennonite da Amish, waɗanda suka yi kusan shekara 500 suna riƙe da aƙidar cewa bai halatta mabiyin Annabi Isa (AS) ya kashe mutum ba, ko a fagen yaƙi, ko wajen kare kansa. Muna so mu ga abin da ya faru da su a ranakun da mahara suka iso ƙofar gida.

Asalinsu birnin Zurich ne na ƙasar Suwizalan, a 1525. Sun ƙi yi wa jarirai baftisma, sun ƙi rantsuwa, sun ƙi ɗaukar takobi, don haka hukumomin Katolika da na Furotesta duka suka yi ta farautar su. Sunan Mennonite ya samo asali daga Menno Simons, wani limamin coci ɗan Holan da ya koma cikinsu a 1536. Su kuwa Amish sun ɓalle ne a 1693 a bayan Jakob Ammann. Tsanani ya sa da yawa suka yi hijira, wasu zuwa Pennsylvania a Amurka, wasu daga baya zuwa daular Rasha.

A watan Satumba na 1757, lokacin yaƙin Turawan Ingila da na Faransa a Amurka, mayaƙa 'yan asalin ƙasar suka kewaye gidan wani manomi ɗan Amish mai suna Jacob Hochstetler da dare. Kamar yadda zuriyarsa ke ba da labari, 'ya'yansa biyu, Joseph da Christian, gwanayen harbi ne, suka ɗauko bindigoginsu na farauta, uban ya hana su. Aka cinna wa gidan wuta. Da gari ya waye an kashe matarsa da 'ya'yansa biyu, aka tafi da shi da samarin biyu. Har yau 'yan Amish suna koya wa yaransu wannan labari a matsayin misalin riƙo da imani. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba: gonar da yake nomawa ƙasar mutanen da suka kawo harin ce tun kakanninsu, kuma bindigar wasu Turawan ce ta share masa wurin zama.

Jarrabawa mafi tsanani ta same su a kudancin Yukren. Sarauniya Catherine ta Rasha ce ta gayyace su, suka fara zama a 1789 bisa alƙawarin ba za a sa su aikin soja ba. Suka yi noman alkama, wasunsu suka mallaki manyan gonaki, alhali talakawan da ke yi musu ƙwadago suna fama da talauci. Da gwamnatin sarki ta rushe a 1917, doka ta ɓace. Dakarun Nestor Makhno suka shiga kwasar dukiya, da kisa, da yi wa mata fyaɗe.

A 1918 sojojin Jamus da suka mamaye yankin suka fara ba samarin Mennonite horo da makamai. Dattawan coci suka taru a ƙauyen Lichtenau, aka yi ta muhawara, a ƙarshe aka ce aƙida tana nan yadda take, amma ba za a hukunta wanda ya ɗauki bindiga ba. Haka aka kafa rundunar 'yan sa-kai. Bayan Jamusawa sun janye, samarin sun tare mahara na wasu watanni, har zuwa Maris na 1919 da aka fi ƙarfinsu. Ramuwar gayya ta biyo baya. A ƙauyen Eichenfeld, a watan Nuwamba na 1919, an kashe sama da mutum 70 a dare guda. Daga baya shugabanninsu suka ce kafa rundunar kuskure ne, wasu kuma suka mutu suna cewa ba za su iya tsayawa suna kallo ana ci wa iyayensu mata mutunci ba. Masana tarihinsu ba su gama wannan gardama ba har yau.

A Amurka matsalar ta zo da wata kama. A yaƙin duniya na ɗaya an kai samarinsu barikin soja, waɗanda suka ƙi sa kaki aka yi musu duka, aka ɗaure wasu. Maƙwabta suka riƙa shafa wa gidajensu da coci-cocinsu fenti ruwan ɗorawa, alamar ragwanci. A yaƙi na biyu gwamnati ta amince da aikin farar hula a madadin soja. Daga 1941 zuwa 1947 kimanin mutum 12,000 suka yi shi ba tare da albashi ba, sama da 4,000 daga cikinsu 'yan Mennonite da Amish ne. Sun kashe gobarar daji, sun yi aikin gona, sun yi jinya a asibitocin masu taɓin hankali. Duk da haka kusan rabin samarin Mennonite da aka kira sun zaɓi shiga soja, domin tambayar tana da nauyi: wa zai tsayar da Hitler in kowa ya naɗe hannu? A Jamus kuwa 'yan ɗarikar sun riga sun saki aƙidar, suka yi wa Hitler aikin soja.

Wannan tarihi ya taɓo mu ta wani gefe. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, wadda aka kafa a Garkiɗa a 1923, reshe ce ta wata coci mai irin wannan aƙida ta ƙin yaƙi. A 2014 Boko Haram ta ƙwace hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, kuma akasarin 'yan matan Chibok 'ya'yan mabiyanta ne. Tambayar da ta fuskanci Hochstetler ta fuskance su a ƙasarmu.

Yawancinmu Musulmi ne, kuma addininmu ya halatta kare rai da iyali da dukiya, saboda haka ba aƙidarsu muke kira a bi ba. Abin da muka gani shi ne kowane ɓangare ya biya farashi. Hochstetler ya hana harbi, ya rasa iyalinsa. Samarin Yukren sun yi harbi, suka sayi 'yan watanni, garuruwansu suka ɗanɗana kuɗarsu. Mu da muke zaune a cikin wasu ƙabilu, iyayenmu kuma suna can gida inda ake maganar 'yan sa-kai kullum, ya kamata idan wani ya kawo shawarar ɗaukar makami ko ta naɗe hannu, mu tambaye shi wa zai kwana a garin washegari, kuma wa zai ɗauki alhakin abin da zai same shi.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kare mu daga ranar da za a tilasta mana irin wannan zaɓi. Amin.