Tarihin Tsara Ƙaramin Layin Dogo na Cikin Gida

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wata tsohuwar al'ada ta gina ƙaramin layin dogo a cikin gida, wato kwaikwayon jirgin ƙasa da tashoshinsa da gadojinsa da garuruwan da yake ratsawa, duk an ƙanƙantar da su bisa ƙayyadadden lissafi, kuma jiragen suna tafiya da gaske a kan ƙarafa. Wanda bai san al'adar ba zai ɗauke ta wasan yara ne, kuma da gaskiyarsa ta wani fanni, domin daga shagon kayan wasa ta fito. Amma cikin shekaru ɗari da 'yan kai ta rikiɗe ta zama fanni mai mujallu da ƙungiyoyi da ƙa'idoji, wanda kashin bayansa shi ne tsarawa tun kafin a saran katako. Abin da ya haifar da ilimin tsarawar kuwa matsala ce guda: layin dogo dogon abu ne mai son miƙewa, ɗaki kuma gajere ne mai kusurwa huɗu.

Kafin ƙarshen ƙarni na 19 jiragen wasa na kwano ne ko na dalma, ana jan su da igiya a daɓe, wasu kuma suna tafiya da tururi na gaske suna ɗigar da ruwa a kan darduma. Canjin ya zo ne a 1891, lokacin da kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus ya kai kasuwar baje koli ta Leipzig jirage masu injin da ake murɗawa kamar na agogo, tare da gutsattsarin layi, miƙaƙƙu da lanƙwasassu, da ake harhaɗawa yadda aka ga dama. Muhimmin abin da kamfanin ya yi shi ne ƙayyade faɗin layi, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu, ya kuma ba kowane faɗi lamba, ta yadda taragon da aka saya bana zai hau layin da aka saya bara. Daga nan mai saye ya fara tunanin abin da zai ƙara da inda zai ajiye shi, kuma wannan tunanin shi ne mafarin tsarawa. A Amurka Joshua Lionel Cowen ya kafa kamfanin Lionel a birnin New York a 1900, ya dogara da lantarki. A Ingila W. J. Bassett-Lowke na garin Northampton ya haɗa kai da masana'antar Bing ta Nuremberg domin a ƙera jiragen da suka yi kama da na Ingila sosai, waɗanda manya za su saya wa kansu ba tare da jin kunya ba. A 1910 aka kafa ƙungiyar Model Railway Club a Landan, kuma har yanzu tana nan.

Sai dai jiragen wancan zamani manya ne. Faɗin layi mai lamba 1 milimita 45 ne, mai lamba 0 kuma milimita 32, saboda haka da'ira ɗaya takan cinye falo, kuma in ba mai babban gida ba ne mutum, dole ya shimfiɗa layinsa da yamma ya tattare kafin a kwanta. Layin da ake tattarewa kullum ba ya samun dutse ko gada ko gari. Wannan ya sa tarihin al'adar, tun daga shekarun 1920, ya zama tarihin ragewa. A 1922 Bing ya fito da jirgin da ake iya shimfiɗawa a kan teburin cin abinci, daga nan aka samu ma'aunin da ake kira HO, ma'ana rabin 0, inda kowane abu yake kashi ɗaya cikin 87 na girmansa na ainihi, layin kuma milimita 16.5. Märklin da kamfanin Trix sun shiga wannan girma a 1935, kamfanin Hornby na Liverpool ya biyo baya da jiragensa masu suna Dublo a 1938. Bayan yaƙin duniya na biyu aka ƙara matsewa: kamfanin Arnold ya kawo ma'aunin N a farkon shekarun 1960, kashi ɗaya cikin 160 a kan layi mai milimita 9, sannan Märklin ya kawo Z a 1972, kashi ɗaya cikin 220.

A nan ya kamata a bambance abu biyu da sabon shiga yakan cakuɗa, wato ma'auni, wanda yake nufin yawan ragewar da aka yi wa jikin jirgi, da faɗin layi, wanda yake nufin tazarar ƙarafa kawai. Mai karatu a Najeriya ya san bambancin faɗi a aikace, tunda tsohon layin da ya iso Kano a 1911 milimita 1,067 ne, na Abuja zuwa Kaduna kuwa milimita 1,435, kuma jirgin ɗaya ba ya hawa ɗayan. Turawan Ingila sun faɗa wani ruɗani a kan wannan batu wanda har yau ba su fita ba. Da yake kawunan jiragensu na gaske sun fi na Amurka da na Jamus ƙanƙanta, injin lantarkin shekarun 1930 ya ƙi shiga cikinsu in an rage su zuwa kashi 87, sai masu ƙira suka ɗan kumbura jikin zuwa kashi 76, suka bar layin a milimita 16.5. Wannan shi ne ma'aunin OO, kuma layinsa ya gaza faɗin da lissafi ya nema da fiye da milimita biyu. Masu tsantseni ba su haƙura ba, suka riƙa shimfiɗa nasu layin da hannu, wasu a milimita 18.2, wasu a 18.83, wanda shi ne daidai. Saboda haka tambayar farko da mai tsarawa a Ingila yake amsawa ita ce ko zai karɓi wannan kuskure na tarihi domin sauƙin saye a shago, ko zai ƙi shi ya biya da lokacinsa.

Ragewar ba ta kawar da matsalar ɗaki ba, domin ko a ma'aunin HO kilomita ɗaya na layin gaske yana buƙatar kusan mita goma sha ɗaya da rabi. A Amurka abin da ya zama ruwan dare shi ne faifan katako mai ƙafa huɗu a faɗi da takwas a tsawo, don kawai haka ake sayar da shi, ana shimfiɗa da'ira mai siffar ƙwai a kai. Illarsa a bayyane take: kwana tana matsewa har dogayen taragu su riƙa leƙowa waje, teburin yana buƙatar hanyar wucewa a kowane gefe, jirgin kuma yana ta kewaye wuri ɗaya kamar raƙumin da ke jan injin matse mai, ba ya zuwa ko'ina. Mujallar Model Railroader, wadda Al Kalmbach ya fara bugawa a 1934, da ƙungiyar NMRA da aka kafa a Milwaukee a 1935 domin daidaita ƙa'idojin ƙafafu da layi, su ne suka zama dandalin da aka yi ta muhawara a kan yadda za a fita daga wannan da'ira. Wanda ya fi kowa tasiri shi ne John Armstrong, wanda littafinsa na 1963, Track Planning for Realistic Operation, ya koyar da cewa mai gini ya fara rubuta abubuwan da ba zai iya canzawa ba, kamar bango da ƙofa da ginshiƙi da kuɗin aljihu, daban da abubuwan da yake so, sannan ya auna ɗakin da murabba'ai waɗanda girmansu ya danganta da mafi ƙanƙantar kwanar da ya yarda da ita. Hikimar wannan hanya ita ce kwana ce ke cin fili, saboda haka wanda ya san kwana nawa ɗakinsa zai ɗauka ya riga ya san rabin taswirarsa. Daga irin wannan tunani aka koma gina layi a kan siririn kanta mai bin bango, wanda zurfinsa bai wuce inda hannu zai kai ba, mutum yana tafiya a tsakiya yana bin jirginsa.

Turawan Ingila, da gidajensu suka fi matsi, sun bi wata hanyar da ta fi ban sha'awa. Maimakon su nuna dukan tafiyar, sai suka nuna tasha ɗaya tak, layin ya shige ƙarƙashin gada ya ɓace a bayan allo, inda aka jera wasu layuka na ɓoye da ke wakiltar sauran duniya, ana juya jirage da hannu ana sake turo su bisa jadawali. Cyril Freezer, editan mujallar Railway Modeller, ya buga taswirar Minories a 1957, tashar ƙarshe ta cikin birni mai dandamali uku, wadda aka jera mahaɗanta da dabara ta yadda jirgi mai shigowa da mai fita za su kai kowane dandamali a ɗan gajeren fili, kuma har yau ana gina ta. Tun kafin wannan, John Ahern ya riga ya nuna da layinsa na Madder Valley, wanda ya fara a shekarun 1930, cewa ƙasa da kogi da ƙauye su ne ya kamata su ba layi dalilin bin inda ya bi. Ana adana aikin nasa a gidan tarihi na Pendon da ke yankin Oxford. Limamin coci Peter Denny kuwa ya shafe shekaru fiye da sittin yana faɗaɗa layinsa na Buckingham, yana gudanar da shi da ƙararrawa da jadawali kamar na gaske. Waɗannan ƙananan ayyuka sun fi yawancin manyan tebura koyar da yadda layin dogo yake aiki, domin ƙarancin fili ya tilasta wa kowane ƙarfe ya kasance da aikin yi.

Akwai kuma darasin da aka koya da tsada game da ɗorewa. John Allen ya cika ƙarƙashin gidansa a Monterey ta jihar Kalifoniya da layin Gorre & Daphetid, mai duwatsu da ke sauka har daɓe da gadoji masu tarin yawa, ya rasu a Janairun 1973, kwanaki kaɗan bayan haka gobara ta cinye aikin, abin da ya rage galibi hotuna ne. Layin da aka gina jingine da bango ba ya fita ta ƙofa, ko da gobara ko babu. A wannan shekarar ta 1973 ne aka fara tsarin NTRAK, inda kowa ke gina guntunsa bisa ƙa'ida ɗaya a gida, a kai zaure a haɗa da na wasu, kuma tun daga lokacin gini gunduwa-gunduwa, mai warwaruwa da ɗaukuwa a mota, ya samu karɓuwa har a wurin waɗanda ba su da niyyar zuwa baje koli.

Canji na ƙarshe mai girma na lantarki ne. A da, da yake wutar layi ce ke ƙayyade gudun duk jirgin da ke kai, dole mai tsarawa ya yanka layinsa yanki-yanki, kowane da makunninsa, in yana son jirage biyu su motsa daban. Hornby ya gwada sarrafawa ta lambobi da tsarinsa mai suna Zero 1 a 1979, Märklin ya kawo nasa a tsakiyar shekarun 1980, sannan a farkon shekarun 1990 NMRA ta ɗauki tsarin Bernd Lenz na Jamus ta mai da shi ƙa'idar DCC, inda kowane kan jirgi ke ɗauke da ɗan guntun na'ura mai amsa lambarsa kaɗai. Zane ma ya tashi daga takarda mai layi-layi ya koma kwamfuta, kuma an samu magina na haya waɗanda ake ba kwangila su gina wa mutum layi a shagonsu, su warware shi, su kawo su haɗa a gidansa, bayan sun karɓi awon ɗaki da faɗin ƙofa da lanƙwasar matakala.